Ratar Gada

Malam Gonda, alli har gemu,
ya zana igiya mai lanƙwasa a allo, ya ce:
wutar da ke cikin waya ba wucewa take ba, kai-komo take,
sau hamsin cikin daƙiƙa guda.
'Yan ajinmu suka rubuta don jarrabawa.
Ni ko da aka tashi
sai na tsaya gindin taransifoma ta bakin kasuwa,
na ji hamsin ɗin nan tana gurnani ƙasa-ƙasa
kamar bajimin da aka ɗaure nesa da harawa.
Ran nan na san waya da tsarkiya uwarsu ɗaya.

Yanzu da rana ni ne mai famfunan Jiratawa.
Nakan kara kunne a cikin inji kamar ungozoma,
in ce wa masu albasa da zogale:
boris ya ci, kwana uku ya rage masa.
Da dare kuwa, ɗakin baya a Bagalam,
kwalin ƙwai manne da bango,
tsohuwar kwamfuta, batirin mota,
da lasifikar da na naɗa wa waya da hannuna.

Abin da littafi ya ba dogon suna
Inna ta daɗe tana yi da rariya:
gari ya wuce, tsaki ya tsaya.
Haka nake tankaɗe sauti.
Ranar da ƙugi ya shiga lasifika ban zagi kowa ba,
rami na haƙa bayan ɗaki,
na kafa ƙarfe, na zuba gawayi da gishiri,
na mayar wa ƙasa abin da yake nata.
Ɗaki ya yi tsit.

Sai na gayyato Mantau, mai kalangun mahauta,
haƙora huɗu, hammata ta yi kanta.
Ya buga, na ɗauka.
Da ya tafi na duba gilashi,
bugunsa duk ya kauce wa layi,
wani ya riga, wani ya makara da ƙiris.
Hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Har asuba ina jan su ɗaya-ɗaya,
kowa na tsayar da shi kan layinsa
kamar sojoji ranar fareti.

Ya dawo Laraba, na kunna masa.
Ya saurara, goro a kunci.
Ya ce: wa ya rasu?
Na ce babu.
Ya ce: to mi ya sa ka miƙe kiɗin ga kamar gawa?
Inda ka ga na makara, yaro,
ƙafar mai rawa nike jira.

Kafin in sami baki wuta ta ɗauke.
Muka zauna cikin duhu, ni da shi da sauro.

Da safe na hau babur, na bi ta gadar Gulbi.
Gaf, in ji taya. Can gaba kuma, gaf.
Shekara nawa ina taka wurin nan!
Na tsaya, na duƙa, na sa yatsa cikin tsagar,
muryar Malam Gonda ta taso daga yashi:
ku bar wa ƙarfe rata,
in rana ta take, miƙa yake yi,
gadar da aka matse gam
ita ke tsagewa da bazara.

Ban je Jiratawa ba ran nan.
Na koma na kwance aikin dare,
kowane bugu ya koma inda tsoho ya ajiye shi.
Ƙarƙashinsa na shimfiɗa gurnanin hamsin,
na tankaɗe shi har ya yi laushi.
Inji na tafe bisa ƙa'ida,
kalangu na tafe yadda ya ga dama.

Na kai masa a waya, bakin mahauta.
Bai ce uffan ba.
Wani mahauci dai ya dakata da wuƙa a sama,
diddigensa ya ɗaga,
yana jira.